Gwaggo Tabawa da Bindigar Cikin Rumbunmu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin wanke-wanke da safen nan Inna ta ce Gwaggo Tabawa ta rasu a Kaura. Kwano ya suɓuce mini.

Ban taɓa yin fostin ba, wayar Inna ce ma na ara. Ku yi haƙuri da rubutuna.

Gwaggo ba 'yar uwarmu ba ce, kowa haka yake kiranta. Ɗiyar maharbi ce, 'yar tsohuwa siririya. Duk inda ake suna ko biki, daga Kasuwar Daji har Dauran, sai ta hau kabu-kabu ta je. Ana gama cin tuwo za ta miƙe: "To mata, ina mazanku ke aje bindiga?"

Wata ta ce ƙarƙashin gado. Wata ta ce bayan ƙyaure. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Ku sa ta cikin goyo mana, ku huta!"

Rannan Inna ta amsa da alfahari, "Tamu tana cikin rumbu, nesa da yara."

Ni kuwa ake zurawa rumbun in miƙo hatsi. Baba ya rataye bindigarsa adaka da igiya daga ciki, ɓera ya cinye igiyar, ta faɗo kan gero. Sau biyu ina taka ta. Ban faɗa ba. Ni ce ɗiyar fari, Baba ko sunana ba ya kira, ta ina zan fara?

Ga shi bana na yi girma, bakin rumbun ya yi mini kaɗan. Ƙanwata Hafsatu mai shekara shida za a fara zurawa, ita kuwa ko kunama ta gani sai ta taɓa.

Da na kai wa Gwaggo ruwan alwala na raɗa mata, kaina a ƙasa. Ba ta ce in ɗago ba. Ta danƙa mini ƙuli-ƙuli ta ce, "Na jiya, ɗiyata."

Washegari sai ga ta a gidanmu, wai a fito da bindigar daga rumbu.

Baba ya ce, "Haba Gwaggo, rumbu ai ba wurin wasan yara ba ne."

Ta ce, "Gaskiya taka. Hau ka ɗauko mini ita."

Baba ya hau tsani. Kai ya shiga, kafaɗu suka shiga, tumbi ya ce sam. Ƙafafunsa kawai muke gani suna lilo. Inna ta toshe baki da mayafi ta faɗa ɗaki.

Da ya samu ya zaro kansa, gemu duk ƙaiƙayi, Gwaggo ta ce, "To Malam, da wanga tumbi, wa ka shiga rumbun nan?"

Baba ya karkaɗe gemu. Can ya nuna ni da baki, "Waccan." Sai ya dubi Hafsatu. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

Gwaggo da kanta ta ɗaure zane ta shiga. Ta miƙo bindigar baki sama. A ɗure take.

Ba ta bar gidan ba sai da aka sauke ɗurin, bindiga ta shiga akwati da kwaɗo, albarushi ya koma wani wuri daban. Ta ce, "Makulli a jikinka, ba ƙarƙashin tabarma ba. Yara sun riga ka sanin ƙarƙashin tabarma."

Ba ta taɓa gaya wa kowa ni na faɗa ba.

Ganina da ita na ƙarshe a wani suna ne a Birnin Tsaba. Ta rame, muryarta ta dushe. Ta jawo hannuna ta ce, "Yau ke za ki yi tambayar." Na yi ta ƙasa-ƙasa, kaina a sunkuye. Babu wadda ta ji. Gwaggo ta ce, "To, ta tambayi tabarma. Yanzu tambayi mata." Na sake, aka yi ta dariya, amma an amsa.

Baba ya tafi jana'iza tun ɗazu, makulli a wuyansa. Inna ta ce a yi mata gumbar sadaka, aka zura Hafsatu rumbu. Ta daɗe tana lalube kamar yadda ta saba. Gero kawai ta miƙo.

Allah ka jiƙan Gwaggo Tabawa, ka yalwata kabarinta, ka tsare ta yadda ta tsare mu. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa ta a addu'a. In kuma akwai bindiga a gidanku, ku tambayi wanda ya fi ƙanƙanta ko ya san inda take.