Sunan Ɗan Fari a Gaban Alƙali

Shekarar da gyaɗa ta ƙi mu, ruwa kuma ya ɗauke tun gero bai gama fid da kai ba, a shekarar ce Baba ya jinginar da gidanmu. Bai yi shawara da kowa ba. Wani Alhaji mai shagon takin zamani ne ya ba shi taki da shanun huɗa bashi, shi kuma ya dangwala yatsa a kan cewa idan ya kasa biya, gida ya zama na Alhaji. Kaka ta yi, rumbu ko rabi bai kai ba. Damina ta sake zagayowa, ɗaya daga cikin shanun ya kwanta ya mutu. Sai ga sammaci daga kotu.

Ni lokacin ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, albashin ma sai ya ga dama yake zuwa. Wallahi na ji haushin Baba. Gidan ƙasa ne, ba wani abin a zo a gani ba, zaure da ɗakuna da turken awaki. Amma in aka fitar da mu, ina muka nufa? A wajenmu gona manne take da gona, babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita.

Limamin unguwarmu ne ya tambaye ni ko an taɓa raba gadon kakanmu. Na ce ba a raba ba, tunda ya rasu haka ake zaune. Ya ce to ai mutum ba ya jinginar da abin da ba nasa ne shi kaɗai ba. Mahaifiyar Baba tana da tumuninta a gidan, ƙannensa ma kowa da rabonsa. Sai dai dole tsohuwar ta je da kanta ta yi wa alƙali bayani.

Inna muke ce mata, mu da Baba duka. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, bakin nan ja wur da goro, kuma ba ta barin ko-ta-kwana. Ni mijinta take kirana, irin wasan kaka da jika. Ranar shari'a na ari babur na goya ta zuwa Dawakin Tofa, Baba ya biyo mu a keke. Tun daga ƙofar gida take dukan bayana.

"Kai miji marar cefane, tafi a hankali! So kake ka sa ni takaba ta biyu?"

A kotu aka shimfiɗa mata tabarma a gefe. Alhaji bai yi magana da yawa ba, wakilinsa ne mai bakin. Shi ya dage cewa an daɗe da raba gado, gida ya faɗo a rabon Baba. Alƙali ya juyo wajen Inna ya ce ta lissafa masa 'ya'yan da marigayi ya bari, da sunayensu, magatakarda zai rubuta.

Ta fara. Ta faɗi Gwaggo babba, ta faɗi ƙaramar, ta faɗi Baffa da ke ci-rani a Kudu. Ta gyara mayafi, alamar ta gama.

Gabana ya faɗi. Baba ne ɗan farinta, kuma ni ban taɓa tunanin wannan ba sai a lokacin. Matan zamaninsu ba sa kama sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa, ba sa nuna sun san da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma Inna ta riƙe ta da ƙarfi. Tun tasowata ban taɓa jin ta kira shi ba. In tana son sa sai ta ce da ni, "Je ka ce da wancan ana magana." Baba ya yi furfura a haka.

Wakilin Alhaji ya miƙe zumbur. "Allah Ya gafarta Malam, ka ji ko? Ga babban magaji zaune a gabanta ta tsallake shi. Wadda ta ɓoye ɗaya, me zai hana ta ɓoye rabon gadon? Maganarta ba abin kamawa ba ce."

Alƙali ya ɗaga masa hannu. Ya sassauta murya ya ce, "Inna, na san abin da ya hana ki, ni ma ɗan fari ne. Amma kunya ba ta shiga takarda. In ba ki cika lissafin nan da bakinki ba, ba ni da abin da zan tsaya a kai. Wannan bawan Allah da ke zaune, mene ne tsakaninku?"

Na matsa kusa da ita na raɗa mata, "Inna, gida fa."

"Rufe min baki, ja'iri," in ji ta.

Ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya. Daga ƙarƙashinsa muryar ta fito, ƙasa-ƙasa, ta faɗi sunan Baba, cikakken sunansa na yanka. Na ɗauka shi ke nan, ashe ba ta gama ba.

"Ɗana ne. Shi na fara haifa, a ɗakin nan da ake so a raba ni da shi. Bai ci bashin nan don ya yi ado ba, don mu ci ne. Yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga min murya ba."

Na waiga wajen Baba. Ya sunkuyar da kai, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba. Duk haushin da nake ji sai na neme shi na rasa. Tausayinsa ya kama ni.

Alƙali ya yanke cewa jinginar ba ta hau kan haƙƙin waɗanda ba su sani ba, gida yana nan. Bashi kuwa bashi ne, sai an biya. Aka ba Alhaji rabon Baba na gonar bayan gari ya riƙa nomawa har a warware. Mun sha wuya a shekarun da suka biyo, mun ci tuwo da miyar da sunanta ne kawai miya, amma a ɗakunanmu muke kwana.

Muna fitowa Inna ta yaye mayafi ta ɓantari goro. Ta ce, "Ka ce da wancan ya bi inuwa, rana ta yi zafi." Har ta koma ga Allah ba ta ƙara kama sunan nan ba, kuma babu wanda ya isa ya tuna mata.

Baba ma bai taɓa tayar da zancen ba sai a ciwonsa na ajali. Yana kwance a cikin gidan, ina yi masa fifita, ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Can ya kamo hannuna.

"Ranar nan a kotu," in ji shi, "kai ma ka ji ta, ko? Ba kunnena ba ne?"

Na ce, "Na ji ta, Baba. Kowa ya ji."

Ya ce, "To, maimaita min yadda ta faɗa."