Keken Auta

Idan Gwaggo ta idar da salla ta ɗaga hannu, matattunta take fara jerowa. Ba ta ɗaga murya, amma wanda ke kusa zai iya bin leɓɓanta: mijinta, ɗanta na fari, maƙwabciyar da ta yi mata rainon yara, sannan mahaifina. Bayan mahaifina akwai wurin da leɓɓan suke tsayawa cak. Hannaye a buɗe, idanu a rufe, babu abin da ke fita, kamar tsawon numfashi guda. Sai ta wuce ga masu rai. Kowa a gidanmu cewa yake Gwaggo ta dangana. Ni da nake yawan zama a kusurwar shagonta na ga wannan tsayawar, na kuma san ba ta fara ba sai bayan rasuwar ƙanwarta.

Gwaggo yayar mahaifina ce, tela. Ita da autarsu suka buɗe shagon tun ba a haife ni ba: ɗaki ɗaya mai ƙofar ƙarfe a bakin titi, kekunan ɗinki biyu suna kallon juna, teburin yanka a tsakiya, da madubin da ya tsage ta gefe. Gwaggo musulma ce, Auta kirista. Mahaifinsu bai taɓa shiga masallaci ko coci ba. 'Ya'yansa suka girma kowa ya kama hanyarsa, shi kuma bai hana ba.

Wannan rabuwar ta yi wa shagon rana, domin ba a taɓa rufe shi ba. Lokacin salla Gwaggo za ta ɗauki buta ta ce, "Auta, ido a kan shago," ta shige bayan labule. Ranar Lahadi da safe Auta za ta leƙo da kwalliyarta ta ce, "Yaya, na tafi. Kar ki taɓa mini almakashi."

Tsokana kuwa ba ta ƙare musu.

"Ke Yaya, sau biyar a rana kina tashi, kin bar ni da ɗinkin mutane. Ladan nan raba shi za mu yi."

"Ki je can. Ku da sai sati-sati, shi ma da kiɗa."

"To ai kiɗan ne ke hana mu gyangyaɗi. Ke fa da na kama kina barci da carbi a hannu?"

"Zikiri nake, marar kunya."

Wata rana da azahar Gwaggo tana bayan labule tana salla, keken Auta na ta gudu kamar kullum. A raka'a ta uku ta ji ƙarar tana raguwa, tana raguwa, har ta ɗauke. Ta ɗauka zare ne ya ƙare, ta ci gaba da sallarta a natse. Da ta sallame ta ɗaga labule, ta tarar da kan Auta kwance a kan yadi, ƙafarta har yanzu a kan feda. Likita ya ce ko da an ruga da ita asibiti a lokacin, da wuya ta rayu. Gwaggo ta ji shi, ta gyaɗa kai, amma tun daga ranar ba ta ƙara shiga bayan labule ba. A fili take shimfiɗa sallaya, inda tana sallamewa idonta zai faɗa kan keken.

Gwaggo ta yanka wa mutane likkafani ba adadi, ta saba a kai mutum makwancinsa kafin rana ta juya. Wannan karon jira aka yi, kwana da kwanaki, har 'ya'yan Auta suka taru aka kawo akwati. Aka ce ana son rigar da za a binne ta da ita. Ita ta ɗinka, farar leshi mai dogon hannu, ba ta ko ɗauko tef ɗin awo ba. A coci ta zauna a bencin ƙarshe, da mayafinta har ƙasa, ana waƙa tana kallon hannayenta.

Bayan an watse ne abin ya taso mata. Ta ce in raka ta wajen limamin masallacin layinmu, dattijo mai sanyin magana da ya san su duka biyun.

"Malam, ina so in sa ta a addu'ata. In ce Allah ya gafarta mata, shi ke nan."

Ya ce, "Baiwar Allah, ba zan ɓoye miki ba. Yadda muka karanta, wanda ya rasu ba a kan musulunci ba, ba a nema masa gafara. Al'amarinta yana hannun wanda ya halicce ta, ba ni ba, ba ke ba. Amma zumunci bai mutu ba. 'Ya'yanta naki ne. In ta bar wani alkawari, ki cika mata."

Ta yi godiya muka fito. A hanya ta ce, "To bari in je wurin nasu. In ni an hana ni, su ai sa yi."

Faston Auta ya karɓe mu da hannu biyu, ya ja mata kujera.

"Mama, mu a cocinmu ba ma yi wa matattu addu'a. Ta gama tafiyarta, tana hutawa wurin Ubangiji. Masu rai muke yi wa. Ke ma muna yi miki."

"Wato ku ma ba kwa ambatonta?"

"Muna tunawa da ita, muna gode wa Allah dominta. Roƙo ne dai ba ma yi, ba ta bukata."

Gwaggo ta gyara mayafi. "Ku kun ce ba ta bukata, mu an ce ba a yi. Yarinyar nan da ba ta iya cin abinci ita kaɗai."

Wata mai kawo ɗinki, 'yar wani cocin daban, ta ji labarin ta ce su kam suna yi: a kunna kyandir, a kira sunan mamaci a gaban jama'a, a roƙa masa rahama. Ta ce in Gwaggo ta yarda za ta kai sunan. Gwaggo ta girgiza kai. "Auta ta sha yin musu da ke a kan wannan, a nan, a kan wannan bencin. Ba zan kai ta inda ba ta kai kanta ba."

Ranar ce ta ba ni labarin mahaifinsu. Ta ce duk safiya kafin ya kurɓi ruwa sai ya ɗiga kaɗan a ƙasa, ya kira sunayen waɗanda suka riga shi, ya gaya musu labarin gida kamar suna zaune a gabansa. "Ni da Auta dariya muke yi masa, ni ta nan, ita ta can. Na bar wannan, kuma ba zan koma ba. Amma shi dai bai taɓa rasa inda zai ajiye sunan mutum ba."

Watanni suka wuce keken Auta na lulluɓe da zane. Wani lokaci Gwaggo tana tsakar salla sai in ga kafaɗarta ta ɗan motsa, kamar mai sauraron wani abu. Na taɓa yin ƙarfin hali na tambaye ta. Ta ce, "A raka'a ta uku nake jin sa. Yana gudu, sai ya rage." Har yau kuma, in ta ɗauki buta, bakinta kan riga ta: "Auta, ido a kan..." Sai ta tsaya, ta je ta janyo ƙofa da kanta.

Satin da ya wuce shugabar mawaƙan cocin Auta ta zo tana kame-kame. Rigunan ƙungiyarsu ne Auta ta yanka ba ta gama ba, ɗaya daga ciki ma ita ce a ƙarƙashin allura ranar da ta rasu. Ta ce in ba damuwa a ba ta, ta kai wa wani tela.

"Ta ce muku za ta gama?"

"Ta ce, Mama."

"To ki dawo ranar Asabar."

Da azahar Gwaggo ta yi salla. Ta jero matattunta, ta zo bayan mahaifina ta tsaya, kamar kullum, ta wuce. Ta shafa, ta naɗe sallaya. Maimakon ta koma kan kekenta sai ta zagaya teburin, ta yaye zanen, ta hure ƙura. Ta ɗauko man keke ta ɗiga a kowace gaɓa, ta juya kan keken da hannu har ya saki. Kujerar Auta ta yi mata gajarta, ta sa matashi. Sannan ta jiƙa zare a baki, ta zura a allura, ta ɗora kalmasar rigar daga inda Auta ta tsaya.