Shekara Biyu Kafin Ciwona Ya Samu Suna

Ina da shekara ashirin da uku gajiyar ta fara. A lokacin ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a Gwaram, ina zaune gidanmu tare da Baba da Inna. Ba irin gajiyar da barci ke kawarwa ba ce. Nakan tashi da asuba kamar wadda ta wuni tana daka. Idan na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo, kafin in kai ƙarshen layi kafaɗata ta sage, sai in juya in ce yara su maimaita karatun jiya.

Da farko aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, na sha magani. Sai aka ce taifot, aka yi mini allurai a kemis. Daga baya yatsuna suka riƙa kumbura da safe, Inna ta ce sanyi ne, ta jiƙa mini saiwoyi. Cikin bakina ya yi ƙuraje har yaji ya gagare ni. Gashina ya fara zuba. Mai yi mini kitso takan dunƙule abin da ya fita ta tura ƙarƙashin tabarma don kada in gani, ni kuwa ina gani.

Duk inda muka je, ciwon da ya fi damuna a ranar shi nake faɗa, shi kuma ake ba ni maganinsa. Gwaji ya dawo, a ce jinina ya ɗan yi ƙasa, in ci zogale da hanta. Wata gwaggona daga Maruta ta zo dubiya, ta kalle ni a kwance ba rauni ba karaya, ta ce wa Inna son jiki ne. Wasu suka ce iska ce, aka yi mini ruƙiyya sau uku. Har na kai ina fatan a samu wani mugun abu a jinina, ko don a yarda da ni.

Na ajiye koyarwa. Duniyata ta koma ɗaki ɗaya, daga katifa zuwa bakin ƙofa. Ina jin yara suna wucewa ta bayan katanga da safe, ina gane muryar wasu.

A shekara ta biyu ƙafafuna suka kumbura, fitsarina ya riƙa kumfa. Baba ya sa ni a mota muka tafi wani asibiti a Birnin Kudu. Likitar da muka samu mace ce mai magana a hankali. Ta ture tarin takardun da na zo da su gefe, ta ce in ba ta labari tun daga farko. Na tambaye ta na wane ciwon.

"Dukansu," in ji ta. "Kada ki bar ko ɗaya."

Na fi rabin awa ina magana. Ta matsar da hijabina ta duba tabon da ke kumatuna, wanda na ɗauka man shafawa ne ya jawo. Ta tambaya ko yakan tashi idan na shiga rana. Ba wanda ya taɓa tambayata wannan. Aka ɗibi jinina aka aika Kano.

Bayan sati uku muka koma. Ta ce ciwo ɗaya ne, ba goma ba: garkuwar jikina ce ta juyo tana yaƙar gaɓoɓina da fatata, yanzu ta taɓa ƙoda. Ta faɗi sunansa da Turanci, ta rubuta mini a takarda. Na yi kuka, amma na samun sauƙin zuciya ne. Baba ya gyara zama ya tambayi yaushe zan warke.

"Alhaji, ba ya warkewa," ta ce. "Lallaɓa shi ake yi."

Ta jera sharuɗɗa. Ƙwayoyi kullum, gwajin fitsari duk wata, ba shiga rana, ba ɗaukar ciki sai da saninta.

Yau shekara uku ke nan. Kumburin ya sauka, nakan yi shara, wani lokacin har girki, amma idan na zaƙe sai in yi kwana biyu a kwance. Ba na fita sai rana ta yi sanyi bayan la'asar. Watan jiya aka yi bikin ƙawata a Sundimina. Na ɗinka ankon, na goge shi, ranar ta zo na kasa tashi. Da yamma suka turo mini hotuna a waya, na kalle su a kwance.