Doguwar Gaisuwar Baffa Mai Gyaran Goge

Jiya na ji ƙamshin ƙaro a kasuwar Makarfi, sai Baffa, wan mahaifina, ya faɗo mini a rai. Farkon samun 'yancin kai, shi ke gyara wa makaɗanmu goge, yana shafa wa tsirkiya ƙaro. Ba ya taɓa tsirkiya sai ya ja mai gogen da gaisuwa, har lafiyar jakinsa yakan tambaya.

Wata rana wani makaɗin garin Kudan da ake jira wurin biki ya ƙosa, ya ce, "Baffa, rana na yi."

Baffa ya ce, "Muryarka nake saurare, ɗana. Mura ta sa ta yi ƙasa. In na ɗaure tsirkiya yadda ka saba, kunya za ka sha."

Ya sassauta ta kaɗan. Makaɗin ya rera, murya da goge suka dace.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya saurare shi da rahama yadda ya saurari mutane.