Direban da Ya Kai Vernell Jami'a

Kawuna Cleophus Battle bai wuce aji shida ba. Shekara arba'in ya yi yana tuƙa motar ɗaukar gawa a garinmu na jihar Jojiya ta Amurka, kullum cikin baƙar kwat, ga barkwanci kamar ya ci tuwo da shi.

A 1963 kotu ta tilasta wa jami'ar garin ta karɓi ɗaliba baƙar fata ta farko, Vernell Gaskin, 'yar wata mai wanki da guga. Ranar da ta fara zuwa, fararen da suka tare ƙofa suka farfasa gilashin motar faston da ya kai ta. Dattawan cocinmu suka taru, aka rasa mai kai ta gobe.

"Ni zan kai ta," in ji Kawu. "Duk rashin kunyar mutum, ba ya jifan gawa."

Mahaifiyar Vernell ta dafe ƙirji. "Cleophus, 'yar tawa da ranta?"

"Haba Yaya, a gaba za ta zauna. Baya ai na masu hutawa ne."

Washegari mutanen suka hango motar gawar tafe a hankali, suka dare, wasu har da cire hula. Sai ga yarinya ta sauko da littattafanta, kafin su farga ta shige aji. Daga baya sun gane dabarar, amma ba su san ranar da akwai mamaci a ciki ba, sai suka tsaya a zagi.

Shekara huɗu yana kai ta yana ɗauko ta, tana yi masa bitar darasi a hanya. Ta zama farfesar lissafi, ta koyar har tsufanta, ta rasu bara waccan.

Bana jami'ar ta sa wa babban ɗakin karatunta sunan Vernell. Ni na tura Kawu a keken marasa lafiya har gaban taro. Aka ba shi minti biyu ya yi jawabi, ya ci ashirin. Da aka yaye mayafin hotonta ya ƙura masa ido, ya goge hawaye.

"Wannan ta cika kamun kai," ya ce. "Vernell ɗinmu in tana dariya har cinya take bugawa."

Ɗalibai suka yi layi suna gaishe shi, farare da baƙaƙe. Daga nan muka wuce coci cin soyayyen kifi. Ya share faranti biyu, ya ce kada wanda ya gaya wa likitansa.