Malam Shafi'u Barmo da Gonaki Goma Sha Biyu na Gidan Chindo

Haihuwa da asali

An haifi Malam Shafi'u Barmo a shekarar 1961 a garin Badaguishiri, cikin yankin Illela. Mahaifinsa, Barmo, manomin gero ne mai lambun albasa da rani. Mahaifiyarsa, Badi'a, 'yar Gidan Chindo ce, wani ƙaramin ƙauye da ke bayan Tajaye.

Karatu

An sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1968, ya wuce kwaleji a Birnin Ƙonni, sannan lise, wato babbar sakandare, a Tawa, daga bisani ya tafi Yamai inda ya karanci ilmin ƙididdiga har ya kammala a 1985. Malamansa sun shaide shi da kaifin basira, abokansa kuwa sun shaide shi da ɗan ji da kai, domin ba a taɓa ganin ya sake duba lissafin da ya riga ya gama ba.

Aiki da iyali

A 1986 ya kama aiki a Malbaza da wata ƙungiyar raya karkara, yana auna amfanin gona. Ya auri Wasila, 'yar wani direba daga Tsarnawa, a 1988, suka zauna cikin rufin asiri.

Kakar 2004

A wannan shekara ta fari da fara aka umarce shi ya tantance ƙauyukan da za a sa cikin jerin masu samun agajin hatsi. Hanyar da ya yi amfani da ita ita ce wadda masana ke kira gwajin t, inda ake ƙirga damman gonaki kaɗan a yi hasashen matsakaicin amfanin gari duka. Hanyar tana da sharuɗɗa uku, kuma ya san su tun yana ɗalibi: a zaɓi gonakin da ƙuri'a, kada awon wata ya rataya ga na wata, kuma idan adadinsu kaɗan ne, kada a sami wadda ta yi wa sauran fintinkau.

Da ya isa Gidan Chindo cikin motar buro, wato ta wurin aikinsa, aka tarbe shi a matsayin ɗan 'yar gari da ya zama wani abu. Maigari Labo ya riƙe hannunsa ya zagaya da shi gonaki goma sha biyu, kuma a al'adar wurin ba a nuna wa baƙo gonar da ta mutu, balle ɗa mai daraja. Biyar daga ciki gandu ɗaya ne na 'yan'uwan maigari, ɗaya kuma tana bakin fadama, ta ba da dami ninki huɗu na sauran. Takardun ƙuri'ar suna cikin aljihunsa, amma ya ji nauyin ya fito da su gaban kawunnansa. Ya koma Malbaza ya buga lissafi tsaf, ba kuskuren ko lamba ɗaya, sakamako ya nuna ƙauyen na da abin da zai kai shi damina, aka cire sunan Gidan Chindo daga jerin.

Kafin watan Mayu na 2005 rumbuna sun ƙare. Gidaje goma sha tara suka watse, kawunsa Umaru ya sayar da gonar gado ya tsallaka Najeriya, inda ya rasu bai dawo ba.

Koyarwa

Kunya ta kama Malam Shafi'u, irin wadda ba ta sakin mutum. Ya ajiye aiki a ƙarshen 2005 ba tare da kowa ya tuhume shi ba, ya koma koyar da lissafi a wata lise a Birnin Ƙonni har ya yi ritaya a 2021. Ɗalibai sun sha wuyarsa ƙwarai, domin duk wanda ya kawo amsa daidai bai fara bincika sharuɗɗan nan uku ba, sifili yake samu. Idan suka yi ƙorafi sai ya ce, "Ni ma lissafina daidai ya fita." Ba ya ƙara komai a kai. Tsawon shekara goma sha takwas bai sake taka Gidan Chindo ba, ko suna, ko ta'aziyya, kuma idan ya hango mutanen can a kasuwa sai ya sauya hanya.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar Talata, 14 ga Maris 2023, bayan gajeriyar jinya, yana da shekara sittin da biyu. An yi jana'izarsa bayan sallar azahar a Birnin Ƙonni. Iyalinsa ba su aika Gidan Chindo ba, kamar yadda ya yi wasiyya, amma kafin a ɗauki gawa sai ga dattawa tara na ƙauyen, da labari ya kai musu, sun sauka daga babura. Yusha'u, ɗan marigayi Maigari Labo, ya nemi a ba su makarar su ɗauka, ya ce wa iyalin, "Mu munka kai shi gonakin nan, don kada ya ga talaucinmu. Mu ma kumya ta hana mu zowa, sai yau da ba ya iya jin mu."

Ya bar matarsa Wasila da 'ya'ya biyar: Munkaila, Saratu, Tijjani, Ummulkhairi da Hassana. Allah ya gafarta masa.