Nasrullahi, ƙanena mai auna 'yan baya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina kan keken ɗinki bayan la'asar ɗin ranar Alhamis, 14 ga watan Agusta, 2025, na ɗaga kai na ga Enoch, ɗaya daga cikin samarin da kake koya wa wasa, a ƙofar shagona. Enoch da tun daga bakin titi yake fara tsokanata, "Yaya tela, ina kwanan allura?" Ran nan sai ya cire takalmansa, ya zauna a ƙasa, hularka a hannunsa. Ban tambaye shi komai ba, na gane. Daga baya aka faɗa mini mota ce ta buge babur ɗinka a hanyar Maigatari, ranar kasuwa, kuma kafin a iso Gumel da kai Allah ya karɓi abinsa.

Nasrullahi, ni ce yayarka Safara'u. Karatuna bai wuce firamare ba, kai ne ka yi zurfi a lissafi. Amma ni na goya ka bayan rasuwar Inna, don haka zan faɗi abin da na sani.

Mutanen unguwa ba su taɓa gane sana'arka ba. Cewa suke yi yaron nan ya gama jami'a ya zauna a ɗaki yana kallon ƙwallo. Ni ma ranar da na fara leƙa kwamfutarka na ga ƙattin Amurka da hulunan kwano suna turereniya a kan wata ƙwallo mai siffar ƙwai, cewa na yi, "Auta, faɗa suke yi ko wasa?" Ka yi dariya har ka ƙware. Ka ce wani kamfani ne na waje ya ɗauke ka kana duba musu 'yan baya, wato masu tare hanya kada abokan karawa su wuce da ƙwallo.

Na ce ai wannan abu ne mai sauƙi, a ƙirga wanda ya fi kayar da mutane. Sai ka tuna mini da gonar Baffa ta Sule Tankarkar, lokacin da gero ya fitar da kai ake tura mu koron tsuntsu. Ka ce, "Yaya, ɗan Kawu kullum yana dawowa da tsuntsayen da ya harbo da danƙo, ana yaba shi. Ke ba ki taɓa kawo ko ɗaya ba. Amma ɓangaren wa tsuntsu ya cinye?" Nasa ya cinye. Ni ina tsaye ina kaɗa gwangwani tun kafin su sauka. Ka ce haka wasan nan yake. Wanda ya fi kayarwa, wani sa'in shi ne wanda aka raina ake ta bi ta wajensa. Gwani kuwa ba a ma jefa ƙwallo ɓangarensa, sai a tashi wasa sunansa bai fito ko'ina ba. Aikinka shi ne ka nemo hanyar da irin wannan mutum zai sami haƙƙinsa.

Da ka ce za ka koya wa samarin Gumel wasan, Baffa ya ce ba a gidansa za a karya 'ya'yan mutane ba. Ka lallashe shi cewa akwai wani iri da ba a kayarwa: ƙyalle ake maƙalawa a ɗamara, wanda aka fizge nasa ya tsaya. Ka kawo mini aikin ɗamaru ashirin. Ni kuwa ba a taɓa dawo mini da ɗinki an ce ya kwance ba. Na ɗinke ƙyallayen nan layi uku-uku, na bi na ƙara. Ranar wasan farko aka yi ta jan mutane da wandunansu har ƙasa, ƙyalle ko gezau. Ka shigo shago da yamma, ka dube ni ka ce, "Yaya, yau ke kaɗai kika ci wasan nan." Muka kwance su da reza muna dariya. Ba ka taɓa bari kowa ya san laifin tela ba ne, cewa ka yi kai ne ba ka yi bayani ba.

Haka kake. 'Yan wasanka na Gagarawa idan ba su sami mota ba, kai kake jigilarsu biyu-biyu a babur. Da Rhoda, mahaifiyar Enoch, ta kwanta jinya, kai ka yi ta zirga-zirgar asibiti har ta miƙe.

A watan jiya masu shirya wata gasa suka ce ka aiko da ɗan baya guda ɗaya a gwada shi, kafin ƙarshen Agusta. Duk ƙungiya ta ce Enoch, don babu wanda ya kai shi fizgar ƙyalle. Kai kuma zuciyarka tana kan Ɗantsoho, mai Keke Napep ɗin nan marar magana, wanda bai taɓa fita daga Jigawa ba. Amma ka ce ba za ka zaɓa da zuciya ba, domin dama ce da wataƙila ba za ta sake zuwa wa ɗayansu ba. Ka ɗauki hoton wasanni shida a waya. Kullum bayan azahar sai ka shigo shagona da kwanoni biyu da wake. Ni ina kallon mutum ɗaya tak. In an jefa ƙwallo wajensa na sa ƙwaya a kwanon dama, in wanda yake tsarewa ya cafe na sa a na hagu. Kai kana duba inda ya tsaya da wanda ya hana motsi. Ina cewa, "Auta, Ɗantsohon nan fa ba ya komai." Kai kuma ka ce, "To me ya sa suke gudunsa?" Mun gama wasa huɗu.

Ranar sadakar uku Enoch, wanda kamar sauran samarin Malam yake kiran ka, ya tsugunna gabana ya ce, "Yaya, a aika Ɗantsoho. Na san shi ne Malam yake so." Ɗantsoho yana gefe, ya girgiza kai ya ce, "Malam bai ce ba tukuna. Cewa ya yi sai an gama dubawa." Kowannensu ya ƙi karɓa, suka tashi idanunsu jajur.

Allah ya jiƙanka, Nasrullahi. Allah ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka, ya haɗa ka da Inna a Aljannar Firdausi. Ina yi wa matarka Ummukulsum ta'aziyya, da Baffa, da danginmu na Sule Tankarkar, da samarinka na Gumel da Gagarawa da Maigatari, Musulminsu da Kiristansu. Allah ya ba mu haƙuri, ya kyautata namu ƙarshen.

Na iya sa wake a kwano, amma lissafin da kake yi bayan nan ban iya ba. Wasa biyu suka rage ba mu kalla ba, wata ya kusa ƙarewa, kuma har yau ba a aika sunan kowa ba.